Igwar Baba Kurma da Gaisuwar Suruki

Ranar Lahadin da ta wuce muna sauke kaya a garejinmu na Park Hill, 'ya'yan maƙwabta suka kewaye ni suna kallon shuɗiyar rigar sojan da ke jikina mai maɓallan tagulla. Wata doguwar yarinya a cikinsu, wadda ke jin Hausa sarai amma sai ta amsa da Turanci, ta ce ai duk New York babu mai aiki mai daɗi kamar nawa: in sa kayan wasa, in ɗaga takobi, in yi ihu, wani ya ja igiya, a tafa mini. Na yi dariya har hulata ta faɗi. Ba ta yi ƙarya duka ba, aikin akwai daɗi, kuma tafin ina son abina. Amma tunda haka kuke gani, ku gyara zama in ba ku labarin abin da ke bayan ihun.

Sunana Garba, sai dai daga Staten Island har Bronx Kyaftin ake ce mini, har limaminmu. Ɗan maƙera ne ni daga Wudil. Sana'ata harba igwa, irin wadda aka yi yaƙin basasar ƙasar nan da ita, lokacin da Arewa da Kudu suka gwabza a kan bauta da raba ƙasa. Ana ɗaukar mu mu nuna wa jama'a yadda aka yi. Ba ma sa ƙwallon ƙarfe, albarushi ne zalla, amma shi albarushi ba wanda ya gaya masa wasa ake yi. Duk wannan takobi da hula ado ne. Abin da aka ɗora mini guda ɗaya ne: mutumin da ke tsaye a bakin igwa ya koma gida da hannunsa.

Aikin farko da ya haɗa ni da igwa ƙafa ce, ba wuta ba. A lokacin ina walda a wani shago kusa da tashar jirgin ruwa, muna gyaran ƙofofin ƙarfe. Wata safiya wani tsohon Bature ya gangaro da ƙafar igwa ta katako, irin ta amalanke, wadda ta kai mini ƙirji, zoben ƙarfen da ya ɗaure ta ya saki. Yana magana kamar mai kiran mutum daga ƙetaren kogi, don kunnuwansa sun daɗe da yin ritaya. Sunansa Gilbert, amma tun ranar na raɗa masa Baba Kurma, kuma da na fassara masa ya ji daɗi har ya sa aka ɗinka masa a hula. Shi ya san yadda ake yi: a rage zoben, a hura wuta kewaye da shi har ya buɗe, a ɗora a kan katakon, a watsa ruwa ya kama. Abin da ya rasa shi ne mutumin da ba ya tsalle in tartsatsi ya faɗo masa a hannu. Ni kuwa a gindin zugazugi na yi rarrafe. Da muka gama ya daka mini tsawa, wai ko ina son in ji ƙara? Na ce ina so. Ban san na sayar da Asabar ɗina da Lahadina ke nan ba.

Na je ina tsammanin takobi, ya miƙo mini bokiti. Sanyi ya zo ya wuce, zafi ya zo ya wuce, ina ɗibar ruwa ina goge tagulla. Igwar tasa sunanta Hajiya, ni na sa mata, don tana da jiki, tana son a goge ta, kuma in ta yi magana kowa sai ya yi shiru. A hankali ya riƙa miƙo mini kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina ba su sunayen gida don su zauna mini a kai. Akwai ƙugiya, murɗaɗɗen ƙarfe a kan doguwar sanda, da ita ake zaro ragowar ƙunshin da ya ƙone. Akwai soso na fatar tunkiya, ana tsoma shi a ruwa a wanke cikin igwa. Ɗaya ƙarshen sandar sosan shi ne taɓarya, da ita ake tura sabon ƙunshin albarushi har ƙurya. Sai tsinke da ake huda ƙunshin, sai ashana, wani ɗan bututun tagulla da ake ɗaura wa igiya. Ita wannan igiyar da kuke raina mu da ita, ita ce aiki mafi sauƙi a wurin, ko kakata za ta iya.

Aikin da ya fi kowanne wuya shi ne wanda bai yi kama da aiki ba. A bayan igwa, ta sama, akwai 'yar huda inda ake sa ashana, mu hanci muke ce mata. Bayan an harba, garwashi yakan maƙale a can ƙurya, ko an wanke. Idan ana tura sanda a ciki hancin yana buɗe, iska za ta bi ta wuce ta hura garwashin nan kamar yadda zugazugin babana yake yi. Sabon albarushi ya same shi a farke, shi ke nan, taɓarya ta fita kamar kibiya, da hannun mai riƙe da ita. Saboda haka ake tsayar da mutum guda, a sa masa safar fata a babban yatsansa na hagu, ya danne hancin nan. Ba ya ɗagawa har sai na gaba ya zare taɓarya ya ja da baya. Ko ƙarfe ya yi zafi, ko ƙuda ya shiga masa ido, ko an ce gidansu na ci da wuta. Baba Kurma ya ce a zamanin yaƙi, in mai yatsa ya ɗaga, na gaba yana da izinin rafka masa sanda a ka, in har ya rage da hannun rafkawa.

Ranar da ya fara koya mini kwamandanci bai kai ni wurin igwa ba ma. Wani fili ya kai ni a New Jersey, ya nuna wata bishiya ya ce nisanta nawa. Na faɗa, ya sa na taka har can na dawo, ya yi ta ƙyaƙyata dariya. Ya ce kwamandan igwa ba ya taɓa igiya, da ido yake yaƙi. Shi ke riga kowa hawa tudu ya zaɓi inda za a girke igwoyi, inda za su ga abokan gaba, inda kuma dawakai za su ɓuya a baya. Dawakan nan su ne rabin ciwon kansa, don igwa ba ta tafiya da ƙafarta, in aka harbe su ta zama dutse. Shi ke cewa a sa dunƙulallen ƙwallo in mutane suna nesa, ko mai fashewa a sama, ko in sun matso a sa gwangwani cike da ƙananan ƙwallaye da ke watsuwa kamar an watsa wa kaji tsaba. A nan tsohon yakan daina dariya. Yakan ce kada in manta, abin da muke wasa da shi ya cika maƙabartu da 'ya'yan mutane.

Amma abin da ya fi son ba da labarinsa shi ne rigimar kwamandojin igwa da janar-janar na sojan ƙafa. Su janar-janar ƙara suke so. In igwa tana rugugi, sojojinsu sai su ji ƙarfin gwiwa, don haka kullum cewa suke a harba, a harba. Shi kuwa kwamanda ya san abin da ya rage a akwati, ya san ƙarfe ya yi zafi, ya san hayaƙi ya rufe wa mutanensa ido. Gwanin kwamanda shi ne wanda zai dubi wanda ya girme shi a muƙami ya ce a'a, ba yanzu ba. Har akwai waɗanda suka yi shiru da gangan, abokan gaba suka zaci an gama da su suka taso, suka tarar da igwoyi cike suna jira. Baƙaƙen fata sun riƙe igwa a wannan yaƙi a ɓangaren Arewa, amma da wuya a bar ɗayansu ya yi kwamanda. Shi ya sa ranar da Baba Kurma ya rataya mini takobi na wuni ina murmushi har kumatuna suka yi ciwo, kuma da shi na hau bas zuwa gida, a naɗe cikin bargo.

Wani biki da muka je a Long Island, amarya ce ta ce ita za ta ja igiya. Ta ja kuwa, da farar rigarta. Hajiya ta yi gyaran murya, duk motocin da ke filin suka ɗauki kuka a tare, karen maƙwabta ya tsallake katanga, uwar ango ta zauna a cikin kek. Sun ce ba su taɓa ganin biki mai kyau irinsa ba. Masu ɗaukar mu kala-kala ne. Akwai makarantu, inda yara ke tambayata ko na san shugaban ƙasar wancan zamani ido da ido. Akwai garuruwa a ranar tunawa da sojoji. Akwai masu kaɗe-kaɗe da ke son igwa ta faɗo daidai kan kiɗa, su ba ka wani mai sanda yana zare maka ido. Akwai wanda ya zo da tokar gawar mahaifinsa a gwangwani, wai tsohon ya yi wasiyya a harba shi cikin teku. Na ce ni Musulmi ne, ba na ɗura mutum a igwa. Baba Kurma ne ya yi musu aikin, ni na koma mota na toshe kunne ina istigifari. Masu fim kuwa su ne janar-janar na wannan zamani. Ɗaya ya taɓa ce mini rana za ta faɗi, in tsallake wankin ciki in harba a jere. Na ce masa rana ta faɗi, gobe akwai wata, amma hannu ba ya sake fitowa.

Sai shekarar korona ta zo ta rufe komai. Ba makaranta, ba biki, ba taro. Hajiya ta kwanta a gareji ƙarƙashin tamfol, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta, ni na koma kai wa mutane abinci a mota. A cikin shekarar Baba Kurma ya rasu, kuma ba a bar mu mun je ba. Na yi baƙin ciki ƙwarai. 'Yarsa ta kira ni ta ce ya bar mini igwar, da ƙugiya da soso, har da bokitin. Da gari ya buɗe na nemi tsofaffin abokan aikinmu, na tarar wannan ya koma Florida, wancan gwiwa ta hana shi, wani matarsa ta ce ya isa haka. Ga igwa, ga takardun izini, ga kwamanda da takobi, ba soja ko ɗaya.

Sai na shiga masallatai neman dakaru. A bakin igwa na sa Awudu, wani ƙaton mutum daga zangon Kumasi da ke zaune a Morris Heights. Aikinsa kula da tsofaffi, da hannuwan nan yake ɗaga su daga gado ya yi musu wanka, da su yake ciyar da 'ya'yansa a nan da uwarsa a can. Da na yi masa bayanin garwashi ya dubi tafinsa ya ce da Hausarsu ta zango, "Masa maigida, to ka samo mini mai yatsa wanda ba shi da wasa kuraa, ko kaɗan." Na samo masa Ilyasu, Bamaraɗe mai tsaron wani kantin kayan Afirka a Harlem. Ban taɓa ganin mai natsuwa da ladabi irin Ilyasu ba. In babba ya kira shi a waya, sai ka ga ya cire hula ya rusuna a tsakiyar titi, yana gaida wanda ke wata nahiya. Na ƙara da wani maƙwabcina ɗan Laberiya a kan ƙugiya da ɗan ƙanena a kan igiya, runduna ta cika.

A filin ajiye motoci muka yi atisaye, da bututun lambatu ɗaure a kan keken kanti, don Hajiya ba ta fita sai da dalili. Mata suna leƙowa ta taga suna dariya, wata har ta jefo mana lemo. Ilyasu na fi matsa wa. Ya danne hancin bututu, in sa a kira wayarsa, in sa a miƙa masa shayi, in fasa leda a bayan kunnensa. Na taɓa aiko ɗan ƙanena da gudu ya ce masa ana jan motarsa. Ko gezau. Har ladaninmu na roƙa ya zo ya yi masa sallama, ya amsa da baki yatsa na nan daram. Na ce alhamdu lillahi, na gwada shi da komai. Ashe akwai abu ɗaya da bai zo mini a rai ba, kuma Baba Kurma da duk littattafansa ba zai taɓa tuna mini da shi ba.

Babban aikinmu na farko a wani tsohon sansanin soja ne a bakin teku, nan Staten Island. Rana ta fito, jama'a sun cika, an ja shingen igiya a bayanmu, an sa wata mata mai rigar ma'aikata tana tsaro. Mun harba ta farko, mun harba ta biyu, tafi kamar ruwan sama, ni kuwa ina taku ina juya takobi kamar da shi aka haife ni. Ilyasu ya gaya mini tun da safe cewa da yamma zai je gaida surukinsa, Alhaji Laminu, wanda zai sauka daga Maraɗi don ganin jikansa. Ba su taɓa haɗuwa ba. An ɗaura auren Ilyasu da Rabi a Maraɗi shi yana nan New York, wakilai ne suka tsaya, daga baya ta biyo shi, kuma tsohon bai yarda ya ba da 'yarsa ga wanda bai taɓa gani ba sai da aka yi ta rantse masa cewa yaron ladabinsa ya fi na kowa. Abin da ba mu sani ba, wan Rabi ya ɗauko tsohon daga filin jirgi, ya biya ya ɗauki Rabi da jaririn, ya ce bari a yi wa Ilyasu ba-zata.

Aka zo harbi na uku, ƙarfe ya yi zafi. An sa ƙugiya, an wanke, an sa ƙunshi a baki, Awudu ya ɗora taɓarya ya fara turawa. Sai na ji sallama daga bayana, daga inda bai kamata a ji muryar kowa ba. Na waiga, ga dattijo cikin farar babbar riga, ya ɗaga shingen da sandarsa ya shigo kamar mai shiga gonarsa. Matar da ke tsaro tana masa murmushi, ta zaci yana cikin wasan. Ya san Ilyasu a hoto. Ya nufe shi kai tsaye, fuska a sake, hannu a miƙe.

Ku da aka haifa a nan ba za ku gane nauyin abin ba. Ba a gaida suruki a tsaye. Ba a gaishe shi da hannu ɗaya, balle a ba shi baya. Cire takalmi ake, a tsuguna, in ya miƙo hannu a karɓa da biyu, ido a ƙasa. Ilyasu ya gane muryar, ya amsa sallamar da wata siririyar murya ba tare da ya juyo ba, sai na ga gwiwoyinsa sun fara lanƙwashewa da kansu. Ba shi ya sa su ba, tarbiyya ce. In ya ƙara sauka kaɗan, yatsan zai zame. A gaba kuma Awudu bai san abin da ake ciki ba, hannunsa na daidai bakin Hajiya, albarushi na tsakiyar hanya.

In na ce Awudu ya tsaya, na bar ƙunshi a rataye cikin ƙarfe mai zafi. In na daka wa dattijo tsawa, Ilyasu zai saki komai ya zo ba da haƙuri. Ban san lokacin da na soka takobi a ƙasa ba. Na cire hula, na zube a gaban Alhaji tsakaninsa da surukinsa, na cafke hannun nan da ya miƙo da hannuwana biyu. Na san abu ɗaya: dattijon Bahaushe ba zai iya jin gaisuwa ya ƙi amsawa ba, ko da ransa a ɓace.

"Barka da sauka, Alhaji. Ina gajiya?"

"Babu gajiya," in ji shi, yana leƙen bayana.

"Yaya hanya? Awudu, tura har ƙurya. Yaya mutanen Maraɗi?"

"Lahiya lau. Kai wane ne?"

"Yaya iyali? Ilyasu, miƙe ƙafarka, in ka ɗaga sai na yanka ka. Yaya aka baro damina?"

"Da godiya. Mi ke nan?"

Ina gaisuwa ina ja da baya a tsugune kamar agwagwa, ina janye shi daga kusa da ƙafar igwa, shi kuma dole ya biyo hannunsa. Na gaida shi da gida, na gaida shi da kasuwa, na tambayi dabbobi, na tambayi maƙwabtan da ban sani ba, na yi masa ta'aziyyar duk wanda ya rasu a Maraɗi tun daga bara. Yana amsawa yana huci. Ta gefen ido na ga Awudu ya zare taɓarya ya koma bayan ƙafa da hannuwansa biyu cif. Wani daɗi ya taso mini har na fashe da dariya a tsugune, na sake tambayar Alhaji gajiya. Jama'a kuwa suka ɓarke da tafi, sun ga hafsan Arewa ya ajiye takobi ya durƙusa wa wani dattijo mai farar riga. Wani mai kyamara ya matso yana tambayar wan Rabi a wane fagen daga aka yi wannan miƙa wuya.

Igwa cike ba a barinta. Na fitar da Alhaji bayan shinge, na dawo na zare takobina na ba da umarni. Hajiya ta yi magana, tsohon ya yi tsalle ya ɗauki salati, hularsa ta koma gefe. Muka wanke ciki, na ce an tashi. Kafin in rufe baki Ilyasu ya ruga, yana kokawa da igiyar takalmin soja, ya zube a gaban surukinsa ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ya yi gaisuwa. Alhaji ya ɗaga kai yana kallon jiragen ruwa. Ya sake yi. Tsohon ya juya wajen 'yarsa, wadda ke tsaye da jariri a kafaɗa hawaye na zuba, ya ce, "Wanga ne aka ce mini mai ladabi? Na ƙetaro teku, ya ba ni ƙeya gaban kahirai da musulmi."

Nan dariyata ta ɗauke. Na matsa na shiga bayani. Na kawo hanci, na kawo garwashi, na kawo zugazugi, har na fara shiga labarin kwamandojin da suka ce wa janar a'a. Ya bari na yi nisa sannan ya ce bai tambaye ni ba, kuma ni ma yana da magana da ni, mai riƙe hannun mutane kamar ɗan sanda. Ya tambaya ko na ga garwashin da idona. Na ce ban gani ba, ba a ganinsa. Ya ce to. Gaskiyarsa ne kuwa, ko akwai wuta a ƙuryar nan ranar ko babu, Allah kaɗai ya sani. Haka sana'ar take, kullum kana tsaron abin da in ka yi daidai ba za ka taɓa ganinsa ba. Ilyasu na tsugune kansa a ƙasa. Alhaji ya gyara riga ya ce wa ɗansa a kai shi masauki.

Sai ga Awudu ya taho yana tafiyarsa ta ƙasaita, yana zare safar fata. Hannun ya yi baƙi ƙirin da ruwan albarushi, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Bai tsuguna ba, bai cire hula ba, mutanen zango ba su cika wannan dogon sharaɗi ba. Ya yi sallama ya miƙa hannun. Tsohon ya karɓa.

"Alhaji, riƙe shi da kyau," in ji Awudu. "Wannan hannu, da surukinka ya gaishe ka, da yanzu yana cikin teku can, kifi na ci. Da shi nake wanke tsofaffi, da shi nake aika ma uwana abinci. Kai ka rasa gaisuwa ɗaya. Ni yara na ba su rasa komai ba."

Alhaji ya juya tafin Awudu sama, ya juya shi ƙasa. Ya bi yatsun yana matsawa kamar mai taya rago a kasuwa, baƙin yana shafar masa hannun farar riga bai kula ba. Ya dubi bakin Hajiya da ke ta fitar da ɗan hayaƙi, ya dubi inda Awudu ya tsaya ɗazu. Ya daɗe a haka, har jaririn ya fara kuka. Sannan ya sauke ido kan surukinsa a karo na farko.

"Tashi," ya ce. "Ina yatsan?"

Ilyasu ya miƙe da ƙyar, ya ɗago hannun hagu yana ɓoyewa, don ba a miƙa wa babba hagu. Safar na nan a yatsan, fatar ta ƙone ta ƙanƙance. Tsohon ya kama babban yatsan nan shi kaɗai, da hannuwansa biyu, ya ɗan rusuna.

"Ina wuni?" ya ce. "Ina gajiya? Yaya aiki?"

Ilyasu ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai hawaye. Alhaji bai saki ba, ya ci gaba, yaya gida, yaya iyali, yaya zaman baƙunta. Gaisuwa kuwa ba a barinta a ƙasa. Na gyara tsayuwa, na sa hulata, na amsa masa duka ɗaya bayan ɗaya, tunda ni ne kwamanda.